Kurakuran da aka fi yi wajen koya wa kwamfuta gano lahanin faifan garmaho

A Zangon Kumasi da Aboabo har yanzu akwai gidajen da ke ajiye da faya-fayan garmaho, irin na kiɗan Gana da ake kira hailaif, da kamfanin Decca ya ɗauka a Akra. Samarin da ke juye su zuwa kwamfuta sun fara aiki da manhajar da ake koya wa gane ƙaras-ƙaras da tsallen allura. Abin na da amfani, amma ana yawan tuntuɓe.

Kuskuren da ya fi ɓarna shi ne a ɗauko manhajar da aka horar da kiɗan Turawa kawai, a sakar mata faifanmu. Karce a jikin faifai ƙara ce gajeriya mai kaifi, tas! Haka bugun kuge yake, haka tafi, haka makaɗi a kan kalangu. Sai ta ɗauke su lahani, ta aske, kiɗa ya dawo lami. Maganin yana da wahala amma babu wani: ka zauna da kunnenka, ka yi wa faya-fayanka alama, nan karce, nan kiɗa, ka horar da ita da su. Akwai dabara ɗaya. Karcen da ya ratsa faifai mai juyi 33 da sulusi a minti yana dawowa duk daƙiƙa 1.8, ba ruwansa da takun kiɗan.

Wasu kuma da faifai ɗaya suke horarwa, da shi suke gwaji. Wannan ai ba wa ɗalibi amsa ne kafin jarrabawa. Ware faya-fayan gwaji daban. Kada kuma alƙaluman dacewa, wato makin sau nawa manhajar ta faɗi daidai, su ruɗe ka, domin lahani ɗan kaɗan ne a cikin waƙa. Manhajar da ta ce komai lafiya ma za ta ci maki mai yawa. Duba karce nawa ta kama, da bugu nawa ta yi wa ƙazafi.

Tsarin adana sauti na MP3 yana dagula gajerun ƙararrakin da ake nema, don haka ka juye a tsarin WAV ko FLAC, waɗanda ba sa rage sauti, ka adana na asali ba gyara.

Wanke faifai tukuna. Ƙura, irin ta hunturu, tana kawo ƙaras-ƙaras. Tsohon faifai mai juyi 78 dai kada sifirit ya taɓa shi, narkar da shi yake, kuma allurarsa ta fi kauri. In ka ji gunji a ƙasan waƙa, wutar Gana ce mai zagaye 50 a daƙiƙa, ba faifai ba. Ɗaura wayar ƙasa ta garmaho, wato siririyar wayar da ke kashe gunjin wuta, a jikin amfilifaya, ka sake juyewa.