Yadda Ake Zaɓen Agogon Zamani, Da Yadda Za Ka Gane Ko Lokacin Canza Na Hannunka Ya Yi

Kafin ka ɗaga ido ka kalli wani agogo, fara da wayar da ke aljihunka, domin ita ce za ta rage maka fiye da rabin zaɓi. Apple Watch ba ya haɗuwa da kowace waya sai iPhone, kuma tun fitowarsa a 2015 haka yake. Agogon Samsung, daga Galaxy Watch 4 na 2021 zuwa yau, ya koma kan manhajar Wear OS, ya daina aiki da iPhone gaba ɗaya. Pixel Watch na Google shi ma Android kaɗai ya sani. Masu tafiya da kowane ɓangare su ne irin su Garmin, Fitbit, Amazfit da Huawei, amma in ka haɗa su da iPhone za ka ga saƙo ya shigo, galibi kuma ba za ka iya mayar da amsa daga agogon ba.

Ko a cikin Android ɗin akwai tarko. Gwajin zuciya na ECG da awon hawan jini na Galaxy Watch suna bi ne ta manhajar Samsung Health Monitor, wadda aka yi wa wayoyin Samsung. Mai wayar wani kamfani zai iya sayen agogon, ya biya kuɗin waɗannan na'urori, amma ba zai more su ba. In kana da niyyar sauya waya cikin shekara ɗaya ko biyu, yanke wannan shawarar tukuna, sannan ka zo ga agogo.

Mataki na biyu: faɗi abu ɗaya da kake so agogon ya yi maka

Ɗaya, ba biyar ba. Wanda ke son ganin kira da saƙonni ba tare da zaro waya ba, da ƙirga taku, agogo mai rangwame ya ishe shi. Mai gudu ko tuƙa keke bukatarsa GPS ne da ke cikin agogon kansa, ba wanda ke aro daga waya ba. Ka karanta takardar bayani da kyau, domin ƙananan agogo da yawa suna rubuta GPS alhali sai da waya a kusa suke zana hanya. In a tsakanin dogayen gine-gine ko ƙarƙashin bishiyoyi kake motsa jiki, nemi mai zango biyu, wanda ake rubuta L1 da L5, shi ne ke rage karkacewar layi a taswira. Mai lura da lafiyar zuciya kuwa ya tabbatar akwai ECG, kuma an buɗe shi a ƙasar da yake zaune, tunda kamfanoni ba sa kunna shi sai inda hukumomin lafiya suka amince. Samfurin SE na Apple ba shi da ECG.

Mataki na uku: batir

Nan ne aka fi yin da-na-sani, saboda haka a tsaya a kai. Agogon zamani iri biyu ne. Akwai masu cikakkiyar manhaja, wato Apple Watch da na Wear OS, waɗanda ke ɗaukar manhajoji kala-kala, a amsa kira da su, a biya kuɗi da su. Ladan wannan shi ne caji kusan kullum: shekara da shekaru, har zuwa Series 10 na 2024, Apple ya rubuta awa 18 ga agogonsa na gama-gari, Ultra na 2022 kuma awa 36. Akwai kuma masu sauƙin manhaja irin na Garmin, Amazfit da Huawei, waɗanda ke kai mako ɗaya, wasu mako biyu ko fiye, amma abin da za ka iya ƙara musu kaɗan ne.

Adadin da aka rubuta a kwali ba shi ne za ka gani a hannunka ba. Abu uku ne ke shanye caji: barin fuskar agogo a kunne ko da yaushe, GPS, da layin waya na cikin agogon. Fuskar AMOLED tana da kyau da haske, amma kowane ɗigo da ya kunnu wuta yake ci. Fuskar MIP da ake samu a wasu agogunan Garmin ba ta da wannan armashi a ɗaki, sai dai hasken rana yana ƙara fito da ita, kuma cinta kaɗan ne. Wanda ke son bibiyar barcinsa ya yi lissafi: in agogon zai kwana a hannu, yaushe za a yi masa caji? In babu wani lokaci tsayayye, kamar lokacin wanka da shirin safe, to a ɗauki mai daɗewa ko mai saurin caji. Agogon da ke kwana a kan caja ba ya auna barci.

Mataki na huɗu: abin da na'urorin awo ke iyawa da abin da ba sa iyawa

Koren hasken da ke bayan agogo yana shiga fata ne ya dawo, agogon ya lissafa bugun zuciya daga yadda jini ke ƙaruwa da raguwa a jijiyoyi. In kana zaune ko tafiya, awon yana da kyau. Yana rikicewa in agogon ya yi sako-sako, in hannu ya yi sanyi sosai, in akwai zanen tawada a fatar wurin, ko a motsa jikin da ake murɗa tsintsiyar hannu kamar ɗaga ƙarfe. Gyaran shi ne a ɗaura shi kamar faɗin yatsa ɗaya sama da ƙashin tsintsiyar hannu, a ɗan matse shi lokacin motsa jiki, a sassauta bayan an gama. Mai son awo na ƙwarai a horo mai tsanani ya haɗa da ɗamarar ƙirji mai awon bugun zuciya.

ECG na agogo layi ɗaya ne, na asibiti kuwa 12. Yana iya nuna alamar bugun da ba ya tafiya daidai, amma ba ya gano ciwon zuciya na gaggawa, wato toshewar jijiyar da ke kai wa zuciya jini, kuma kamfanonin da kansu sun faɗi haka. Awon hawan jini na Samsung sai an daidaita shi da na'urar dantse duk kwana 28. Sukari kuwa, ka guji duk agogon da aka ce yana auna shi ba tare da huda fata ba. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a kan irinsu a Fabrairun 2024. Mai ciwon sukari da ya dogara da irin wannan lamba wajen shan magani yana wasa da ransa.

Jabun agogo yana da sauƙin kamawa: cire shi daga hannu, ka ɗaga shi bayansa na kallon iska, ka danna awon bugun zuciya. In ya ba ka lamba, ajiye musu abinsu.

Mataki na biyar: girma, ruwa da layi

Auna tsintsiyar hannunka da zare, ka shimfiɗa zaren a kan rula. Ƙasa da santimita 16, agogo mai milimita 40 zuwa 42 ya fi zama daram. Wajen 17 zuwa sama, 44 zuwa 47 zai dace. Wannan ba maganar ado kawai ba ce. Agogon da ya fi ƙarfin hannu yana rawa, haske ya kutsa ƙarƙashinsa, awo ya lalace. Babba dai ya fi ɗaukar batir.

A kan ruwa, IP68 na nufin ƙura da faɗawa ruwa na ɗan lokaci. Don iyo nemi 5 ATM, wanda ake kuma rubuta shi da mita 50. Mita 50 da ake rubutawa gwajin matsin ruwa ne a tsaye, ba izinin nutso ba ne. Ruwan zafi, tururi da sabulu suna cinye robar da ke tare ruwa, kuma kariyar tana raguwa da shekaru.

Samfurin da ke da layinsa yana amfani da eSIM, wato SIM da aka gina a cikin agogon, sai kamfanin layinka ya yarda da agogon, kuma yawanci akwai kuɗin wata. Tambayi kamfanin kafin ka saya. In wayarka ba ta rabuwa da kai, kada ka ƙara kuɗi a kan wannan.

In kana da agogo: a canza ko a bari?

Sabon samfuri na fita kusan kowace shekara, amma bambancin bana da bara yawanci ƙarami ne. Dubi jerin Apple: ECG ya zo a Series 4 a 2018, fuska mai zama a kunne a Series 5 a 2019, awon iskar oksijin ta jini a Series 6 a 2020, saurin caji a Series 7 a 2021, awon zafin jiki da gano hatsarin mota a Series 8 a 2022. Abu ɗaya ko biyu ke nan a shekara. Mai tsallake samfuri uku ko huɗu shi ke jin ya sayi sabon abu. A ganinmu dalili uku ne kaɗai suka isa a fitar da kuɗi.

Na farko batir, amma a gwada shi kafin a yanke masa hukunci. Cika shi, kashe fuska mai zama a kunne, rage manhajojin da ke turo sanarwa, kashe agogon ka sake kunnawa, ka lura da shi kwana uku. Kada ka yi gwajin washegarin sabunta manhaja, domin a kwana ɗaya ko biyun farko agogo yakan sha caji fiye da ƙa'ida. A Apple Watch, shiga saituna, sashen batir, ka duba lafiyarsa. An ƙera shi ya riƙe kashi 80 cikin ɗari bayan cikakken caji 1000, wato ƙasa kaɗan da shekara uku ga mai caji kullum. In ya sauka ƙasa da 80 kuma sauran komai lafiya, tambayi kuɗin canza batir a wurin gyaran da kamfanin ya amince da shi. In bai kai rabin kuɗin sabo ba, gyara ya fi. Buɗe agogo a hannun wanda ba gwani ba yakan tafi da kariyar ruwa.

Na biyu, kamfani ya daina turo sabuntawa. A 2024 watchOS 11, wato manhajar Apple Watch, ya bar Series 4, Series 5 da SE na farko a baya. Samsung ya yi alƙawarin shekara huɗu ga Galaxy Watch 4, Google kuma aƙalla uku ga Pixel Watch. Agogon ba ya mutuwa ran da aka daina, amma sannu a hankali manhajoji za su ƙi hawa, gyaran tsaro ya tsaya, abin da ya fi damun mai biyan kuɗi da agogo. Ka kuma duba ta ɗaya gefen: sabon agogo na iya ƙin tsohuwar waya. watchOS 11 sai iPhone XS zuwa sama.

Na uku, wata na'ura da kake bukata da gaske wadda naka ba shi da ita, kamar ECG ko gano faɗuwa ga dattijon da ke zaune shi kaɗai. Fuskar da ta ɗan karce ko maɗaurin da ya tsufa ba dalili ba ne. Agogo da yawa na ɗaukar maɗauri na gama-gari mai milimita 20 ko 22. Na Apple nasa ne na musamman, kuma a kula: agogon Series 10 mai milimita 42 yana cikin rukunin ƙanana tare da 38, 40 da 41, ba ɗaya yake da 42 na tsoffin samfura ba.

In ka yanke shawarar canzawa, bi wannan tsari. Bari tsohon agogon ya gama tura bayanansa zuwa waya, cire katunan banki, soke layin eSIM ko ka mayar da shi kan sabon, sannan ka raba shi da wayar daga cikin manhajar wayar. Goge Apple Watch daga saitunansa kaɗai ba ya cire makullin asusunka, wanda ya saya ba zai iya amfani da shi ba. In kai ne mai sayen na hannu, kada ka biya sai ka haɗa shi da wayarka a gaban mai shi, ka duba lafiyar batir, ka gwada lasifika da makirfo, ka ɗora shi a kan caja ka ga lamba tana hawa.