Yadda za ka gwada ruɓewar sinadari a ruwan kogi ba tare da lab ya yaudare ka ba

Ka ɗebo ruwan daga kogin da kake son gwadawa, kar ka bari ya kwana biyu a jarka, bakteriyan ciki, ƙwayoyin da ke ruɓar da sinadarin, canzawa suke. In dole ne ka ajiye a firji, digiri 4. Sinadarin ɗan mitsitsi za ka zuba, kamar yadda gwajin OECD 309 (ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta gwada ruɓewar sinadari a ruwan kogi ko tafki) ya tanada, don in ka cika shi ya kashe ƙwayoyin sai ka ce ai baya ruɓewa alhali kai ka ɓata. Ka ware kwalba ɗaya da aka kashe ƙwayoyinta don kwatantawa, wata kuma da anilin, sinadarin da aka san yana ruɓewa cikin sauƙi, don ka ga ruwan na da rai, duk a duhu. Ruwan damina da na rani ba ɗaya bane, sai ka maimaita.