Ƙananan halittun da ido ba ya gani: kurakuran da ake yi a gona da gida a ƙasar Katsina da Daura

Duk wanda ya ci tuwo da miyar kuka mai daddawa ya ci aikin bakteriya, wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani, domin su ne ke ruɓar da kalwa har ta yi wannan ƙamshin. Su ne kuma ke kama madara ta zama kindirmo. A danginsu ne ake samun masu kawo kwalara da sanƙarau. Masu amfanin da masu cutarwar, yawancinsu abu huɗu ke tafiyar da rayuwarsu: laima, ɗumi, abinci, da samun iska ko rashinta. Yawancin kurakuranmu daga nan suke tasowa: a shimfiɗa wa mai cutarwa tabarma, a bar mai amfani da yunwa.

Mu fara da taki, tunda ƙasar Daura, Mai'adua, Zango da Baure jigawa ce mai rairayi, ba ta riƙe ruwa ko abincin shuka sai da shi. Abin da aka saba shi ne a kwashi kashin dabbobi tun da rani, a zuba shi tsibi-tsibi a gona, rana ta yi wata uku tana dukansa. Kafin ruwan shuka ya sauka, kaso mai yawa na naitirojin ɗinsa, wato sinadarin da ke sa shuka girma da yin kore, ya bi iska. Wasu kuma rami suke zubawa, ruwan damina ya cika shi ya kwanta. Idan iska ba ta shiga, halittun da ke aiki a ciki su ne masu fitar da iskar mitan, wadda a tsawon shekara 100 take riƙe zafi kusan ninki 28 na iskar kabon. Ga wari, ga ɓata yanayi, takin kuma bai nuna ba.

Gyaransa bai fi ƙarfin kowa ba. A samu inuwa, a jera busassun abubuwa (ƙaiƙayi, yankakken kara, ganye, ɓawon gyaɗa) kashi biyu zuwa uku, kashin dabba kashi ɗaya, hawa-hawa, ana yayyafa ruwa, har tsibin ya kai mita ɗaya zuwa ɗaya da rabi a tsayi da faɗi. Ƙaramin tsibi ba ya riƙe zafi. Ma'aunin ruwa a hannu yake: a damƙi takin a matse, ɗigo ɗaya ko biyu ya fito. Idan ya tsiyaya ruwa ya yi yawa, idan ya warwatse ya yi kaɗan. A soka ƙarfe a tsakiya, bayan kwana uku ko huɗu a zaro, ya kamata a ji shi da zafi sosai. Zafin digiri 55 zuwa 65 ke kashe irin ciyawa da yawancin ƙwayoyin cuta. A juya duk mako biyu, na waje ya koma ciki. Warin fitsari na nufin kashin dabba ya yi yawa, a ƙara busasshe. Toka a sa kaɗan, yawanta na korar naitirojin. Cikin wata biyu zuwa uku zai yi baƙi, yana ƙamshin ƙasar da ruwan farko ya jiƙa.

Haka yuriya. Wanda ya watsa ta a kan ƙasa ya tafi, halittun ƙasa za su mayar da wani kaso nata iska cikin kwanaki kaɗan. A tona rami mai zurfin santimita 5 a gefen shuka, a zuba a rufe, lokacin da ƙasa ke da danshi. Zuba ta a inda ruwa ya kwanta kuma yana haifar da wata iskar naitirojin mai riƙe zafi fiye da ninki 270 na kabon. Wake, gyaɗa da waken suya ba sa buƙatar a cika musu yuriya. Ku tuge guda ɗaya bayan mako biyar ko shida, ku fasa ƙullutun da ke jikin saiwa: idan cikinsu ja-ja ne, bakteriya na ɗebo naitirojin daga iska suna ba shukar kyauta. Yawan yuriya na sa su daina. Irin wannan aikin ake yi a saiwar gawo, shi ya sa gero ke yin kyau a ƙarƙashinsa, kuma shi ya sa sare gawo a gona asara ce tsagwaronta.

Masu shinkafar rani a Jibiya da Zobe, ba dole ruwa ya kwanta kullum ba. A kafa bututu mai huji a fage don a riƙa leƙa inda ruwa ya kai, a bari ruwa ya sauka santimita 15 ƙasa da doron ƙasa kafin a sake ba da ruwa, sai lokacin fitar kai da fure a bar shi kwance. Mitan na raguwa, kuɗin man injin ma haka.

Kuskuren da ya fi ɓoyuwa yana cikin gyaɗa da masara. Akwai fumfunar da ke fitar da dafi mai suna afulatoksin, wanda ke lalata hanta har ya kai ga sankara, yana kuma tsumburar da yara. Tana son gyaɗar da fari ya kama a ƙarshen damina, da wadda fartanya ta fasa, da wadda aka tara a kan ƙasa da danshinta. Dafuwa da suya ba sa kashe dafin, kuma idan aka matse mai, yawancinsa a tunkuza yake zama, wato a ƙuli-ƙuli. A shanya a kan tamfol ko tabarma har gyaɗa ta riƙa kaɗawa a cikin ɓawonta. Kada a yayyafa mata ruwa don sauƙin ɓara. Masara kuwa a zuba ta a busasshiyar kwalba da busasshen gishiri a girgiza, idan gishirin ya manne a jikin kwalba ba ta bushe ba. A ɗora buhu a kan katako, nesa da bango. Ƙwayar da ta yamutse ko ta canza launi a tsince a binne. Ba wa shanu ita bai raba mu da dafin ba, yana dawowa ta madara. Cibiyar IITA da ke Ibadan ta samar da Aflasafe, fumfuna marar dafi da ke kore mai dafin: kilo 10 a hekta, mako biyu zuwa uku kafin fure.

A cikin gida, ruwa mai kyau sau da yawa a randa yake lalacewa. An ɗebo daga famfo ko burtsatse, sai moɗa ɗaya ta yi ta shiga da fita, yaro ya ajiye ta a ƙasa, wani ya tsoma har da yatsu. A yi wa randa murfi, a sa moɗa mai dogon hannu a rataye ta. Ruwa mai laka a bari ya kwanta a tace tukuna, don kilorin, maganin tsabtace ruwa, ba ya aiki sosai a cikinsa, bayan an sa shi kuma a jira minti 30. Alif kwantar da laka kawai yake yi, ba ya wadatarwa wajen kashe ƙwayoyin cuta. Tafasa kuwa sai ruwan ya yi minti ɗaya yana ɓararraka. Masai ya yi nisan aƙalla mita 30 da rijiya, ya kasance a gangare da ita. Madara ma a tafasa ta kafin a kwana da ita, saboda bakkale (ciwon da ke sa shanu ɓari) da tarin fuka na shanu na bi ta ɗanyar madara.

Sai kafso. Yaro ya fara gudawa, a ruga kemis a sayo guda huɗu. Yawancin gudawar yara da kusan duk mura bairos ke kawo su, wata ƙwayar cuta daban da bakteriya, kuma maganin bakteriya ba ya taɓa bairos. Abin da yake yi shi ne kashe masu amfani na cikin hanji, ya bar masu taurin kai su yaɗu. An ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 1.27 ne suka mutu a duniya saboda ƙwayoyin da suka daina jin magani. Rashin ruwa ke kashe mai gudawa, don haka a fara da ruwan gishiri da sukari: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Yawan gishiri haɗari ne, kada ya fi hawaye ɗanɗano. A haɗa da zinki kwana 10 zuwa 14, miligiram 20 ga wanda ya wuce wata shida, 10 ga wanda bai kai ba, uwa ta ci gaba da ba da mama. Idan akwai jini, ko gudawar ta zama kamar ruwan wankin shinkafa, ko yaro ya kasa sha, asibiti za a nufa nan take, ana ba shi ruwan a hanya.

Makiyaya da masu kaji su duba jikin kwalbar magani: akwai kwanakin da aka rubuta a jira bayan allura ta ƙarshe kafin a tatsi nonon sayarwa, a ɗebi ƙwai, ko a kai dabba mahauta.