Yadda Ake Sabunta Jinin Zomaye Kafin Iri Ya Lalace

Masu kiwon zomo a ƙauyukanmu na wajen Gaya da Ringim, ba cuta kaɗai ke cinye mana iri ba, barbarar 'yan gida ɗaya ce, uba ya hau 'yarsa, wa ya hau ƙanwarsa, ana haka sai kaga haihuwa ta ragu, 'ya'yan sun fito tsamurarru, wani ma haƙoransa su karkace su yi ta tsawo har ya kasa cin dusa, wallahi abin tausayi.

Zomon gida duk duniya asalinsa zomon daji ne na Sifaniya da Fotugal da kudancin Faransa, kuma da masana suka gwada sinadaran inzayim ɗin da ke jininsu (wasu sinadarai ne masu gudanar da ayyukan jiki, waɗanda ake gadon irinsu daga iyaye) sun tarar na dajin can sun fi na gida bambancin gado a tsakaninsu nesa ba kusa ba, domin kaɗan aka ɗebo aka killace. Toh kaga tun farko jinin a matse yake, mu kuma muna ƙara matse shi.

Da farko raba maza da mata tun suna wata 3, kar ka jira sai ka ga ciki. Sannan ka samu littafi ko bayan kalanda ka dinga rubuta wane namiji ya hau wace zomanya da ranar, cikinsu kwana 31 ne ko kusa, lissafin ba wuya.

Babban aikin shine namiji. Duk shekara ka canza shi, kuma dan Allah kar ka karɓo gun maƙwabcin da kai ka sayar wa iri, jininka ne zai dawo maka. Je wani gari, ka tambayi mai shi inda ya samo iyayen, ka ɗaga leɓensa ka duba haƙori, ka leƙa cikin kunne ko akwai ɓawon ƙazuwa. In ka kawo shi ware shi keji daban sati 2 tukuna, ranar barbara kuma macen ake kaiwa kejinsa, in ka kai shi nata faɗa za ta yi masa.

Masu cewa a kamo zomon daji na gonakinmu a haɗa, kar ku wahala, wannan jinsinsa daban ne da na dajin Turai can, 'ya'yansa da gashi da ido buɗe ake haifarsu, na gida kuwa tsirara ido rufe, ba sa haihuwa da juna sam.