Yadda Ake Kashe Matatar Abubuwan Manya a YouTube da Google

Sau da yawa matatar nan, wato Restricted Mode a YouTube da SafeSearch a Google, takan ɓoye har da bidiyoyin kiwon lafiya da rahotannin yaƙi, shi ya sa baligi mai bincike kan buƙaci kashe ta.

1. A manhajar YouTube, taɓa hoton asusunka, ka shiga Settings, daga nan General.
2. Nemi Restricted Mode ka kashe maɓallinsa. Wannan saitin na'ura ɗaya kawai yake shafa, saboda haka idan kana amfani da kwamfuta ma, sai ka maimaita a can ta hanyar danna hoton asusunka.
3. A ɓangaren Google, buɗe google.com/safesearch, inda za ka tarar da zaɓi 3. Filter yana toshe abubuwan batsa, Blur yana dusashe hotunan kawai, Off kuma yana cire matatar gaba ɗaya. Ga wayar da yara ke ɗauka, barin Filter ya fi dacewa.

Idan ka ga alamar kwaɗo, to wataƙila iyaye ta Family Link (manhajar Google ta kula da wayar yara), ko makaranta, ko wurin aiki, ko masu kula da intanet ɗin da kake amfani da shi ne suka kulle saitin, kuma wanda ya kulle ne ke da ikon buɗe shi.