Yadda za ka gane mota na neman saitin ƙafa bayan gyaran shokozoba

Fara da zuwa wurin mai faci ya daidaita iskar tayoyi, don taya mai ƙarancin iska ma tana jan mota gefe.

Sai ka nemi shimfiɗaɗɗen titi, irin wasu sassan hanyar Garwa zuwa Marwa a Kamaru, ka sassauta riƙon sitiyari kaɗan. In motar ta zame gefe guda, ko sitiyari ya karkace alhali tafiya miƙe take, ƙafa ta goce, wato tayoyin ba su zauna a kusurwar da ta dace ba.

Bayan 'yan makonni, shafa tafin hannunka a fuskar tayar gaba. Gefe guda ya cinye, ko kana jin kaifi-kaifi kamar haƙoran zarto? Tafi wurin saiti.

Wanda ya ƙara wa motarsa tsayi don ramukan damina kuwa, kada ma ya tsaya gwaji, ya wuce wurin saiti: tsayi ya canja, kusurwar taya ta canja.