Ga ɗalibanmu masu hawa jirgin binciken teku

Salam 'yan uwa, duk wanda ya samu gurbin horo a jirgi irin Polarstern na Jamus, mai tashi daga Bremerhaven zuwa Cape Town, don Allah ya sha maganin jiri tun jirgi bai bar tasha ba, in amai ya riga ya fara wallahi da kyar ƙwayar ke zama a ciki. In cikinka ya fara juyawa fita waje ka kafa ido can inda sama ta haɗu da ruwa.

Sannan in an ciro na'urar CTD, wato wadda ake zurawa cikin teku ta auna gishiri, zafi da zurfin ruwa ta kuma ɗebo ruwa a kwalabe, samfurin ruwan da za a auna oksijin ake fara ɗiba kafin iska ta shiga kwalbar ta ɓata awon. Rubutu kuma da fensir, biro yana zuba in takarda ta jiƙe.